Ƙafar Baya ta Dama Tana Kuka

Motata ta farko ba ta kai wata bakwai a hannuna ba ta fara kuka, kuma ba ni na fara jin kukan ba. Baba ne ya ji shi, wata Asabar cikin damina, muna kan hanyar komawa Paikon Kore daga asibitin ido. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, kwalta tana sheƙi, duwatsun gefen hanya suna fitar da tururi. Ina tuƙi ina jin daɗin kaina sai na ji muryarsa daga baya.

"Uwata, rage rediyon nan."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na rage. Ya karkata kai yana saurare har muka wuce Giri, sannan ya ce, "Ƙafar baya ta dama tana kuka. Boris ne."

Dariya na yi. Motar sabuwa ce fil, ba 'yar Kwatano ba. Ledar kujerunta ma sai da abokan aikina a Garki suka ishe ni da tsiya kafin na yarda na cire. Ina boris, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ina lalacewa a motar da har yanzu take ƙanshin kanti? Na ce masa ƙarar taya ce a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ya ce to, na mayar da rediyo yadda yake.

Baba direban ma'aikata ne har ya yi ritaya. Ya tuƙa daraktoci iri-iri, masu kirki da masu tsawa, tun Abuja tana daji da 'yan gine-gine jefi-jefi. Da ya ajiye aiki bai koma Zariya ba. Ya sayi fili a Paikon Kore cikin Gwarawa, ya gina ɗaki uku, ya koyi noman doya a wurin maƙwabta, shi da Inna suka zauna. Shekara guda kafin in sayi motar Inna ta rasu, aka binne ta a maƙabartar garin. Daga nan yanar ido ta fara rufe masa gani, ya daina tuƙi. Amma ko a motar wa ya shiga, ƙafarsa ta dama ba ta daina neman birki ba.

Duk tsawon aikinsa bai taɓa zama a kujerar baya ta dama ba, wadda ake cewa kujerar oga. Nasa dai ya buɗe ƙofarta, ya jira a shiga, ya rufe, ya zagaya. Tun ina 'yar makaranta abin yake ci mini rai. Ranar da na kai masa motar ya sa albarka, na buɗe wannan ƙofar na ce ya shiga. Ya ce, "Direba a kujerar oga? Ai sai in rasa inda zan sa hannuna." Na ce ko ya shiga ko mu kwana a tsaye. Ya shiga yana mita, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo, sai a tafiya ta uku ya yarda ya jingina. Ban kawo a raina cewa na ɗora shi daidai kan ƙafar baya ta dama ba.

A lokacin akwai maganar da ke yawo a tsakaninmu, mu 'ya'yansa. Matar maƙwabcinsa, wadda ke aika masa abinci, ta ce tana jin sa yana magana shi kaɗai da sassafe. Yayanmu da ke Zariya ya ce rikicewar tsufa ce ta fara, a ɗauko shi ya dawo gabansa, a sayar da gidan da gonar. Yaya ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma shi in tsoro ya kama shi sai ya zama umarni. Baba kuwa ya ce ba inda za shi. Abin da ya gaya mini ke nan, yana shafa gemu: "In na tafi, wa zai riƙa zuwa maƙabarta yana gaishe da innarku?" Ni ce ta kusa, ni ke zuwa duk Asabar, don haka aka ce ni zan faɗi ko hankalinsa na nan ko ya fara tafiya. Na ce yana nan daram, aka bar maganar a haka.

Bayan mako biyu lokacin sabis ya yi, na kai motar kamfanin da na saye ta. Wuri ne mai sanyi da kujeru masu laushi, ana ba ka shayi kana kallon motarka ta cikin gilashi. Da kunya-kunya na gaya wa injiniyansu abin da Baba ya ce. Rigarsa fara ƙal, ko ɗigon baƙin mai babu. Ya jona wa motar kwamfuta, ya fita da ita ya zaga cikin gari, ya dawo ya miƙo mini takarda mai tambari, an rubuta ba a sami matsala ba.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ɗauki hoton takardar na tura zauren iyalinmu na waya, na rubuta a ƙasa: Baba ya ce mota tana kuka, kwamfuta ta ce ƙalau take. Har da fuskokin dariya guda uku na jera. Ni a wasa na yi, irin tsokanar da na saba yi masa. Magana kuwa zarar bunu ce. Ban kai ofis ba Yaya ya kira.

"Kin gani ko? Ke da kike cewa lafiyarsa lau. Yanzu har mota yake ji tana yi masa magana. Ƙarshen wata zan zo in ɗauke shi, tun bai shiga daji ba."

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce takarda ai ba ta ƙarya. Na tsaya a gefen titi a Area 3, masu tasi suna ta yi mini oda.

Ƙanwarmu ta gaya wa Baba komai a waya, ita ba ta iya riƙe magana. Asabar da na je bai ce mini uffan a kai ba. Ya tambayi aiki, ya nuna mini yadda doyarsa ta kama sanda. Da za mu fita gaisuwar wani maƙwabci na buɗe masa ƙofar baya, sai ya laluba ya buɗe ta gaba da kansa.

"Bar ni a nan," ya ce. "Nan ne wurina."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da zan tafi ya riƙe murfin motar ya ce kada in riƙa gudu da ita, in na ji tana rawa in tsaya. Ko a lokacin, ta ni yake yi.

Daga ranar na kashe rediyo. Kusan mako guda ina zuwa aiki ina dawowa ba wa'azi, ba labarai, ba waƙa, daga ni sai motar. Ban san akwai sautuka da yawa haka a cikin shiru ba. Akwai na iska a gefen madubi, akwai na makullai suna taɓa juna, akwai na ruwan sama in ya fara sauka ɗaya-ɗaya a kan rufi. Na riƙa fita titin filin jirgi bayan an tashi aiki ba don ina da wurin zuwa ba, in yi ta tafiya gajimare na bina, fitilun Lugbe suna kunnuwa a hankali. Sai in tsinci kaina ina 'yar shekara bakwai, kwance a bayan motar ma'aikata ranar da aka ba Baba izini ya kai mu Zariya, kunnena a manne da kujera, ina jin hanya tana gudana a ƙarƙashina har barci ya ɗauke ni. A wancan lokacin na ɗauka Baba ne ke sa ƙasa tafiya.

Ranar Alhamis na ji shi. Wani gunji ne siriri daga can baya, kamar injin markaɗe a wata unguwa mai nisa. In na ƙara gudu ya ƙaru, in na rage ya lafa. Na yi ta sauraro har na fara zargin kaina, ko so nake in ji shi ya sa nake ji. Wanda ya ƙaryata mahaifinsa ai kunnensa ma ba abin yarda ba ne.

Da safiyar Asabar na je na ɗauko Baba na ce ya raka ni Apo. Ya ce wurin wa. Na ce wurin bakanikensa na da, wani dattijo Bayarabe da ya yi shekaru yana gyara motocin ma'aikatarsu. Fuskarsa ta ɗan saki. Muka ratsa layukan Apo, taɓo ya cakuɗe da baƙin mai, ƙofofin mota a jingine kamar an shanya su, ko'ina ana bugun ƙarfe. Baba ba ya ganin hanya amma shi ya yi ta cewa yi dama, yi hagu, har muka tsaya a gindin wata bishiyar mangwaro.

Dattijon ya fito yana goge hannu da tsumma. "Oga direba, kai ne wannan? Ido ya tafi?"

"Ya tafi, ya bar ni da kunne, shi ma ana cewa ya lalace," in ji Baba.

Na sunkuyar da kai. Dattijon bai tambayi komai ba. Ya sa jak ya ɗaga ƙafar baya ta dama, ya juya tayar da ƙarfi, ya zura hannu ya kama sifirin da ke bayanta, ya lumshe ido. Sai ya ce, "Madam, kawo hannu." Ya ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen ya sake juya tayar. Na ji wata 'yar rawa tana shiga yatsuna, gir-gir-gir, kamar ka dafa bayan kyanwa tana gurnani. Ya kai ni ɗaya ƙafar ya yi haka, can sumul, ba komai. Na tsuguna a cikin taɓon nan da kayana masu kyau, hawaye suka zubo mini.

Na ce ya canza shi yanzu-yanzu. Ya girgiza kai. "A'a. Motar nan yana da garanti. In na sa sifana ɗaya a nan, kamfani za su ce Apo ya taɓa, shi ke nan sun wanke hannu. Ki koma musu, su ne suka sayar da shi da ciwo." Ya sauke jak, ya goge inda hannunsa ya taɓa da tsumma mai tsabta, har da cewa kada in ce na zo nan. Ni kuma na gane ko da ya canza ba zai yi mini amfani ba. Yaya ba zai ɗauki maganar bakaniken gindin mangwaro a kan takarda mai tambari ba. Bakin da ya ce babu, shi zai ce akwai.

Ranar Litinin na nemi izini a ofis, muka koma kamfanin ni da Baba. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Injiniyan nan mai farar riga ya saurare ni da murmushin da ake yi wa mace in tana maganar mota.

"Hajiya, ai mun riga mun duba. Ƙarar taya ce kawai, nomal ne. Kwamfuta ba ta nuna komai ba."

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan tambaye shi ko kwamfutar tasa tana da kunne, sai Baba ya taɓa hannuna.

"Injiniya, sannu da aiki. Da ka gwada ta, a ina ka zauna?"

"A sitiyari mana, Baba."

"To ai shi ya sa. Mai sitiyari inji yake ji, da esi, da tunanin hanya. Zo in ba ka kujerar oga."

Ya laluba gefen motar har ya sami hannun ƙofar baya ta dama. Ya buɗe ta, ya ja da baya taku ɗaya, ya ɗan rusuna, hannu ɗaya a bayansa. Haka na sha ganinsa yana yi a ƙofar ma'aikata ina yarinya, sai dai a ranar ban ji haushi ba. Injiniyan ya rasa yadda zai yi da dattijon da ya buɗe masa ƙofa, ya shiga. Baba ya rufe a hankali, ya shiga gaba, ni na kama tuƙi.

Ya ce in fita daga cikin gari, in nemi titi mai faɗi da doguwar kwana. Ya sa na kashe esi. Muka yi ta tafiya, rana tana ratsa gajimare tana ɓuya. Da hanya ta buɗe ya ce in ƙara mata wuta. Gunjin ya taso daga baya.

"Kwanta hagu kaɗan, Uwata. A hankali."

Na karkata sitiyari, nauyin motar ya koma dama, kukan ya cika motar.

"Yanzu dama."

Na karkata, ya lafa kamar an rufe masa baki. Ta madubi na ga injiniyan ya daina murmushi, ya manna kunne a jikin ƙofa. Ya ce in sake. Na sake har sau uku. Taya, in ji Baba, ba ruwanta da hagu ko dama, kukanta ɗaya ne, boris ne ke ƙara kuka in an ɗora masa kaya. Injiniyan ya ɗaga kai daga jikin ƙofa ya ce, "Baba, kun yi gaskiya. Ku yi haƙuri." Na ji daɗin wannan "kun" ɗin da ya girmama Baba da shi har cikin raina.

Da suka ɗaga motar suka kwance, sun tarar ruwa ya shiga boris ɗin ta wata roba da ba ta zauna daidai ba tun daga masana'anta, ya fara cin kansa. Suka ce garanti ya ɗauka, sai dai a jira a kawo sabo. Na roƙi a ba ni tsohon in an cire, ina so in kai shi Zariya in dire a gaban Yaya. Suka ce ba a bayarwa, duk abin da aka canza a garanti mayar da shi ake yi wurin masu ƙera motar. Injiniyan ya ga yadda fuskata ta yi, ya tambayi dalili, na gaya masa a taƙaice. Ya ɗauki sabuwar takarda mai tambari ya rubuta abin da aka samu, a ƙasa ya ƙara da hannunsa cewa mahaifin mai motar ne ya gano matsalar da kunne bayan na'ura ta kasa.

Na tura hoton a zauren iyali, wannan karon ba fuskar dariya ko ɗaya. Na rubuta cewa ni ce ban ji ba, kuma ina neman gafarar Baba a gaban kowa. Sai washegari Yaya ya rubuto: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, a bar shi tukuna. A wurin Yaya wannan ba ƙaramin saukowa ba ne.

Ranar da aka sa sabon boris na je na ɗauko Baba don ya ji da kunnensa. Na buɗe ƙofar baya, ya shiga ba musu, ya jingina. Muka yi Gwagwalada muka juyo, la'asar ta yi sanyi, dawa ta yi kore shar a dama da hagu, mata suna tafe da itace a kafaɗa. Motar tana tafiya kamar a kan ruwa.

"Yanzu ta yi shiru," ya ce. Can kuma ya ce, "Uwata, in gaya miki wata magana, ba za ki sa ta a waya ba?"

Na ce ba zan sa ba.

"Kullum in na dawo daga masallaci da asuba na zauna a bakin ƙofa, ina jin tsintsiyar innarku. Daga ƙofar kicin take farawa, ta bi ta gindin lemo. In ta kai wajen randa sai ta tsaya ta buga gindin tsintsiyar a tafin hannu sau biyu, yadda ta saba. Na san ta rasu, ni na sa ta a kabari da hannuna. Amma ina ji. Shi ne nake ce mata sannu da aiki."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Wannan ce maganar da maƙwabciya take ji, kuma ita ce Yaya yake nema. Da na faɗa masa, ƙarshen wata bai yi ba sai an kulle gidan nan. Tsoro ya kama ni, kewar Inna kuma ta taso mini. Na duba madubi na gan shi a kujerar oga, idanunsa farare suna kallon gonaki da ba ya gani, yana jiran abin da zan ce. Na riga na taɓa ce masa babu a kan abin da yake akwai.

Na ce, "Yau a nan zan kwana."

Da asuba na shimfiɗa tabarma kusa da shi a bakin ƙofa. Gari ya fara haske, ƙasa tana ƙanshin ruwan jiya, ganyen lemo ya zuba a tsakar gida ba wanda ya share. Na ji zakara, na ji kurciya, na ji wani babur can a kan hanyar kasuwa. Baba ya karkata kai yadda ya yi a mota, leɓensa ya motsa a hankali. Na kasa kunne iya ƙarfina.

"Kin ji?" ya ce.

"Ban ji ba tukuna, Baba."

"Ba komai," ya ce. "Ai motar ma sai da kika yi mako."

Ban gaya wa Yaya ba. A shekarar Baba ya haƙe doyarsa da kansa, ya ba ni manya guda shida na sa a but.